Dutsen Kilo Ashirin

Shekara ashirin da uku ya yi yana awon tsofaffin ƙarafa a fili ɗaya, har sunansa na ainihi ya ɓace a bakin mutane, kowa Mai Sikeli yake ce masa. Ko matarsa, in ya ɓata mata rai, da wannan sunan take kiransa. Filin yana bayan layin masu walda, an kewaye shi da tsohon kwanon rufi, ciki kuwa ƙarfe ne tuli-tuli: ƙafafun gadaje, rodi a lanƙwashe, ƙofofin motoci, injinan niƙa da suka gama aiki. Masu kura da masu baro ne ke kawowa, shi ya auna ya faɗi kilo, mai filin, wanda duk suke kira Maigida, ya sallame su. Ƙarfen sai ya yi wata biyar ko shida yana taruwa kafin Dogo direba ya zo da babbar mota ya kwashe shi zuwa kamfanin da ke narkarwa.

Sikelin tsoho ne, mai faffaɗan faranti a ƙasa da fuska irin ta agogon bango a sama, allura tana zagayawa. A bayansa akwai murfi, a ƙarƙashin murfin akwai sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai jan allura, da wani noti da ake ɗaurewa ko a sassauta. Ba mai taɓa wurin nan sai shi. Gaskiyarsa kuwa har gundurar mutane take yi. In ka kawo bututu sai ya buga shi da ƙasa yashin da ke ciki ya zube kafin ya ɗora, in kuma Maigida ya ƙifta masa ido don ya rage rabin kilo sai ya yi kamar ƙura ce ta shiga idon Maigidan. Yana da taurin kai irin na mutumin da ya daɗe bai yi kuskure ba har ya manta cewa ana yi.

Kowace safiya, kafin ya kurɓi ko ruwan shayi, sai ya cire takalmi, ya zazzage aljihu, ya hau faranti. Allura ta tsaya a saba'in da biyu. A shekarun farko ba haka kawai yake hawa ba. Akwai wani baƙin ƙarfe mai mariƙi da aka sayo tare da sikelin, an zana ashirin a jikinsa, dutsen gwaji ake ce masa. Da hannu ɗaya yake sungumar sa ya ɗora, in allura ta nuna ashirin cif sai ya sauke, sannan shi ya hau. Shekara ta bi shekara, dutse yana ba da ashirin, shi yana ba da saba'in da biyu, ko ya ci da yawa ko ya ci kaɗan. Daga baya sai ya ga ɗaukar dutsen ɓata lokaci ne. Aka tura shi bakin ƙofar fili yana tare ta kada iska ta riƙa bugawa. In wani baƙo ya yi gardamar awo, Mai Sikeli sai ya hau faranti da kansa, ya nuna allura, ya buga ƙirji ya ce ai shi ne dutsen gwajin filin nan.

Ciwon ya shigo a hankali, ba sallama. Da farko cikinsa ne ke saurin cika: ya yi loma biyar, shida, sai ya ji kamar ya cinye kwano biyu. Sai wani zafi a ƙasan ƙirji wanda ba ya tashi ba ya kwanciya. Sai gajiya, mutumin da ke tsaye tun safe har yamma ya fara neman bokitin da zai kifa ya zauna. Matarsa wanki da guga take yi wa mutanen unguwa, ta kuwa san jikin mutum ta rigarsa fiye da yadda shi mai rigar ya san kansa. Ita ce ta fara ganin kafaɗar rigarsa ta sauko, agogonsa kuma ya fara zamewa har bayan hannu.

"Baban yara, ka rame," ta ce masa wata rana yana ɗaura agogon.

Ya ce mata ko yau da safe ya hau sikeli, saba'in da biyu yake, kuma ido yana ƙarya amma sikeli ba ya yi.

Ba ƙarya ya yi mata ba, abin haushin ke nan. Wata safiya can baya allura ta tsaya a saba'in da ɗaya da rabi. Ya sauka, ya sake hawa, ba ta motsa ba. Ya ja tsaki, ya ce damina ta sa sifirin ya yi tauri. Ya buɗe murfi, ya sassauta noti kaɗan, ya mayar da allura kan sifiri, ya hau: saba'in da biyu. Bayan mako biyu haka ta sake faruwa, ya sake sassautawa. Ko sau ɗaya bai waiwayi bakin ƙofa inda dutsen yake zaune cikin ƙasa ba. Har ƙara ya kai wa Maigida cewa sikelin nan tsufa ya kama shi, kullum sai an lallaɓa shi, ya kamata a fara tunanin sabo.

Zafin cikin ne ya kai shi asibitin unguwa, ba ramar ba. Wuri ne mai dogayen bencina da fanka ɗaya da ke juyi kamar an tilasta mata. Kafin ka ga likita sai ka bi ta teburin Sista, ta ɗaura maka abin awon jini a hannu, ta cike kati. A kusurwar bayanta akwai sikelin awon mutane, an jibga masa tsofaffin fayiloli da kwalin safar hannu, shekara biyu ke nan da mutuwarsa. Don haka sai dai ta tambayi mutum ko ya san nauyinsa. Yawanci ba su sani ba, ta bar gurbin a haka. Da ta tambayi Mai Sikeli sai ya gyara zama, ya ce saba'in da biyu, ba ragi ba ƙari, aikinsa ke nan. Ta yi murmushi ta rubuta.

Likitan ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Mutum ne da ke ganin marasa lafiya kusan tamanin kafin azahar, har ya koyi jin ciwo da rabin kunne. Biro ɗinsa yana fara tafiya tun kafin ka gama zama. Ya tambayi Mai Sikeli inda ke ciwo, ya tambaye shi ko yana cin yaji, ko yana wuni bai ci abinci ba. Ya ce olsa ce, rabin mutanen da ke kan bencin nan ita ke damunsu. Ya rubuta wani farin magani mai kauri da ƙwayoyi, ya ce a bar yaji, a riƙa ci a kan lokaci. Akwai gadon gwaji a jikin bango, amma jakar likitan da rigar ruwansa ne a kai.

Zuwa na biyu matarsa ta bi shi, ba da son ransa ba. Da aka kira lambarsa ta tsaya a bakin ƙofa, ta tattaro ƙarfin hali ta ce, "Likita, ramewa fa yake yi." Likita ya duba kati, ya ga saba'in da biyu a wancan zuwan, saba'in da biyu a wannan. Ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, Mama ta jira a waje, mutum ɗaya ake shiga. Ya ƙara wa Mai Sikeli maganin ƙarin jini saboda ya ce yana jin jiri. A hanyar gida Mai Sikeli ya yi mata faɗa sosai, ya ce ta kunyata shi a gaban mai ilimi, ta mayar da shi kamar wanda bai san jikinsa ba. Ranta ya sosu, har suka isa gida tana tafe taku biyu a bayansa.

Zuwa na uku shi ne mai wuya, don abin da ya kawo shi ba abin faɗa ba ne ga dattijo. Bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, da wani wari da bai saba ji ba. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya furta, idonsa a kan takalminsa. Likita ya ce maganin ƙarin jini ne ke sa haka, kowa ya sani. Mai Sikeli ya ce, cikin ladabi, ai tun kafin ya fara shan maganin ya soma gani. Likita ya juyo da katin ya tura masa gabansa, ya ɗora bakin biro a kan lambobin nan uku da ke jere. Ya ce mai mugun abu a ciki ramewa yake yi, shi kuwa ga shi nan daram wata huɗu. Ya ce damuwa ce Baba yake sa wa kansa, ya je ya kwantar da hankalinsa. Mai Sikeli ya fito har da ɗan jin daɗi, domin lambar da aka nuna masa tasa ce, kuma bai taɓa shakkar ta ba.

Ana haka Dogo ya zo ya kwashe ƙarfen wata biyar. Kwana biyu ya dawo da takardar kamfani a aljihu da fuska ba walwala. A awon fili tan goma aka loda, a babban sikelin kamfani ko tara bai cika ba. Maigida bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya zo ya ajiye takardar a kan farantin sikeli, ya tsaya ya harɗe hannu. Mai Sikeli ya karanta, ya ce na kamfanin ne ya lalace, ko kuma sun yi musu wayo. Ya cire takalmi zai hau ya nuna musu, Maigida ya ce a'a, ba shi ba, a ɗauko dutsen.

Ya tafi bakin ƙofa, ya kama mariƙin da hannu ɗaya kamar yadda ya saba a da. Dutse bai ko girgiza ba. Ya sa hannu biyu, ya ɗaga shi taƙi ɗaya daga ƙasa, idonsa ya yi duhu, ya saki. Dogo ne ya ƙaraso ya ɗauka, ya karkaɗe ƙasar da ta manne, ya ɗora. Allura ta wuce ashirin, ta tsaya a ashirin da biyu da rabi. Masu baro biyu da ke jiran awo suka kalli juna.

Mai Sikeli ya buɗe murfi. Ya yi ta ɗaure notin nan, zagaye bayan zagaye, yana mayar da duk abin da ya sassauta cikin wata biyar, har dutse ya ba da ashirin cif. Dogo ya sauke. Ba wanda ya ce masa ya hau. Ya zazzage aljihu ya hau don kansa, allura ta tashi ta tsaya a sittin da huɗu. Ya daɗe a tsaye a kan faranti yana kallon ta, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. Maigida ya ɗauke takardar kamfani ya cusa a aljihu, ya ce a bar maganar ƙarfe, ƙarfe ba ya ƙarewa a duniya, ya tafi gida.

Ya tarar da matarsa tana guga a tsakar gida. Ya zauna a bakin tabarma ya faɗa mata duka, bai rage komai ba, har da notin. Ya jira ta ce ai ta faɗa masa, don ta cancanci faɗin haka. Sai ta ajiye abin gugar, ta shiga ɗaki ta fito da wandonsa na aiki, ta juya ƙugun ta nuna masa. Ga sawun zare nan a wuri uku, kowanne ya fi na baya shiga ciki.

"Sau uku ina matsar da maɓallin nan," ta ce. "Na ga in na yi magana faɗa ne, sai na riƙa gyara maka kawai don kada ya zame a gaban mutane."

Washegari ya riga kowa zuwa layin asibiti. Da ya shiga bai jira biro ya fara tafiya ba, ya ce Likita, lambar da ke katin nan ba daidai ba ce, sittin da huɗu yake, kilo takwas ya zube. Ya ba da labarin sikelin fili tun daga farko. Likita ya saurara, wannan karon har ya ɗaga kai, amma abin da ya ce ya fi mari ciwo. Ya ce sau uku Baba ya faɗi saba'in da biyu da bakinsa, yau kuma ya zo da wata lamba daga sikelin gwangwan wanda shi da kansa ya ce yana kwance masa noti. Wacce zai ɗauka? Mai Sikeli ya ce to a auna shi a nan. Likita ya ce nasu ya lalace, sun rubuta a kawo sabo. Ya ce a ci gaba da magani, a dawo bayan wata guda, ya danna ƙararrawa a shigo da na gaba.

Wata guda. Ya fito ya zauna a benci yana lissafi, ya ga a yadda yake zubewa wata guda kusan kilo biyu ne. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne maganar likitan ba ta rasa gaskiya ba. Shekara ashirin da uku kalmarsa ta ishi kowa a kan awo, yau ga shi a ranar da ya fi bukatar a yarda da shi ya zama wanda ba a yarda da awonsa. Yana zaune idonsa ya faɗa kan kusurwar bayan Sista. Ya tashi ya roƙe ta ta bar shi ya duba sikelin nan. Ta yi dariya ta ce gawa ce, amma in yana da lokacin ɓatawa bismillah. Ya sauke fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da sikelin ya leƙa ƙarƙashinsa. Sifirin ne ya zame daga ƙugiyarsa, sai ƙura da wani murfin biro da ya maƙale a ciki. Ya ce mata gobe zai dawo.

Da safe shi da matarsa suka biya ta fili. Maigida ya ce a jira Dogo ya zo ya kai musu dutsen, ita ta ce layi ba ya jiran Dogo. Ta naɗe tsohon zane ta yi gammo, Maigida ya taimaka ya ɗora mata, ta miƙe kamar ƙullin wanki ta ɗauka. Haka suka bi layin masu walda, suka tsallaka titi, ita a gaba da baƙin ƙarfe a ka, shi a baya da 'yar jakar kayan aiki yana tsayawa yana mayar da numfashi. Kunya ta kama shi ƙwarai, mutane suna kallon mace da kaya namiji hannu sake. Amma ya san ko rabin hanya ba zai kai da shi ba.

A gaban marasa lafiya ya shimfiɗa tsumma ya zauna ya kwance sikelin. Wata tsohuwa da ke riƙe da katinta ta ce ikon Allah, mutane suna zuwa asibiti neman magani, wannan ya zo ya buɗe shago. Aka yi dariya, shi ma ya murmusa, hannunsa bai tsaya ba. Ya goge, ya ɗiga mai, ya mayar da sifirin kan ƙugiya. Matarsa ta ɗora dutse, ya ɗaure, ya sassauta, ta sauke, ta sake ɗorawa, sau biyar, har ya ba da ashirin kowane karo. Sista ta hau don gwaji, ta kalli allura, ta ce wallahi Baba ya ƙara lalata shi, ita ba ta kai haka ba. Ta sauka tana dariya, amma da aka kira lambarsa ita ce ta kama gefe ɗaya na sikelin suka shigar da shi ɗakin likita.

Likita ya ga sikeli, ya ga Mai Sikeli, ya ga mace da ƙarfe a ka, ya buɗe baki zai ce mutum ɗaya ake shiga. Kafin ya faɗa ta sauke dutsen a kan siminti, ƙararsa ta sa kofin biro da ke kan tebur ya motsa.

"Likita, jiya ka ce ba ka yarda da awona ba, kuma kana da gaskiya," in ji Mai Sikeli. "Yau kada ka yarda da ni. Ga naku sikelin, ga dutse, ashirin aka zana a jikinsa tun daga inda aka ƙera shi. Ka ɗora da hannunka."

Likita ya kalli agogo. Wataƙila ya ga hanya mafi sauri ta rabuwa da dattijon nan ita ce ya yi abin da ya ce. Ya taso ya ɗaga dutsen da hannu biyu ya ɗora. Ashirin. Mai Sikeli ya tambaye shi ko ya san nauyin kansa, ya ce ya sani. Ya ce to ya hau. Likita ya hau, ya kalli allura, bai faɗi lambar ba, amma bai yi gardama ba. Sannan Mai Sikeli ya cire takalmi, ya zazzage aljihu a kan teburin likita, makulli da ɗan sukundireba da ƙwayoyin olsa, ya cire babbar rigar da ke rufe shi, ya hau. Sittin da uku da rabi. Ba allurar likita ya kalla ba. Ƙasusuwan wuya ya kalla, da haƙarƙarin da ake iya ƙirgawa ta cikin singileti, da wandon da aka matsar wa maɓalli sau uku.

Ya kwashe jakarsa da rigar ruwa daga kan gadon gwaji ya zube su a kujera. Ya ce Baba ya kwanta. Ya ja fatar idonsa ta ƙasa ya duba, ya duba tafin hannunsa. Ya ɗora hannu a cikinsa yana dannawa a hankali, daga ƙasa zuwa sama, har ya zo ƙasan ƙirji, hannun ya tsaya. Ya sake dannawa a wurin. Ana jin hayaniyar layi daga waje. Mai Sikeli yana kwance yana kallon silin, ya gane cewa abin da ya yi ta faɗi-tashi a kansa ya samu, an yarda da shi, kuma ba abin murna ba ne. Duk da haka sai ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, har hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne.

"Tun yaushe ka fara ramewa?" Likita ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Mai Sikeli ya juya kai wajen ƙofa, inda take tsaye da gammo a hannu.

"Ita za ka tambaya," ya ce.

Likita ya jawo mata kujera. Ta faɗa masa watan da rigar ta fara sauka daga kafaɗa, da ranar da ya fara barin rabin abinci, da makon da ya daina cin nama don yana tsaya masa, da lokacin da ta fara ganin alamar baƙin nan a wanki, mako uku kafin a ba shi maganin ƙarin jini. Wannan karon biro bai motsa ba sai da ta gama. Ya rubuta doguwar takarda zuwa babban asibiti, ya buga hatimi, ya rubuta gaggawa a samanta ya ja layi biyu. Ya miƙa wa matar, ba mijin ba. Ya ce kada su jira gobe.

A babban asibiti an zura masa siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro, aka ga ƙari a cikin, yana tsiyayar da jini a hankali. Aka yanki kaɗan aka auna, aka kira shi da sunan da kowa ke tsoro. An yi masa tiyata aka cire fiye da rabin tumbinsa, ya yi watanni yana karɓar wani magani da ya zubar masa da gashi. Likitan tiyatar ya ce abin bai yi nisan da za a sallama ba, amma bai yi alkawarin komai ba, ya ce da an zo da wuri da maganar ta fi haka daɗi. Mai Sikeli ya sha juya wannan magana a ransa. Wani lokaci ya ɗora wa likitan unguwa, wanda ya yi wata huɗu bai taɓa cikinsa ba. Wani lokaci ya tuna notin, da faɗan da ya yi a hanyar gida, sai ya rasa bakin zargin kowa.

Ya koma fili, amma a kujera yake aiki yanzu, masu baro su ɗora shi ya karanta. Dutsen bai koma bakin ƙofa ba, an samo wata tsohuwar taya ta tare ta. Kowace safiya Maigida da kansa yake ɗora shi a faranti, yana ƙorafin bayansa. Sikelin asibiti yana nan gefen teburin Sista, ba wanda ke wucewa bai hau ba, ta kuma daina tambayar kowa ko ya san nauyinsa. Ranar da Mai Sikeli ya kai wa likitan unguwa takardar sallama daga babban asibiti, likitan ya miƙe tsaye ya karɓa. Bai ba da haƙuri da baki ba, shi ma dattijon bai nema ba.

Nauyinsa ya tsaya a hamsin da bakwai, yana cin abinci kaɗan-kaɗan sau shida a rana kamar mai ɗanɗano. Ya bar buga ƙirji. Sai dai ya samu wata sabuwar ɗabi'a da 'ya'yansa ke yi masa dariya a kai in sun zo gaisuwa. Kullum in ya shirya fita, sai ya je gaban teburin gugar matarsa ya tsaya, ya ɗan buɗe hannuwa, ya ce, "Yau fa?" Ita kuma ta ajiye aikinta ta dube shi tun daga wuya har ƙugu, ba ta gaggawa. Ta ce yana nan yadda yake, ya tafi kada ya makara.

Fiye da shekara suna haka. Wata safiya ya tsaya, ya buɗe hannuwa, ya tambaya. Ta dube shi, ta sake duba kafaɗar rigar, ta miƙa hannu ta gyara masa wuyanta, amma ba ta ce yana nan yadda yake ba. Bai ce mata jiya ya hau sikeli ba, ko da yake ya hau. Ya koma ɗaki ya ɗauko katin asibiti daga ƙarƙashin katifa, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira ta ɗauko mayafinta.